Kaka da Cima-Zaune

Mai Kifi ake ce mata a unguwa, kuma duk wanda ya ji sunan ya taho da kwano yana tambayar ko akwai soyayye, to ya jawo wa kansa. Ba ta sayar da kifin ci. Aikinta kula da tankunan gilashi, irin waɗanda ake girkewa a zauren otal ko ɗakin jiran likitan haƙori, masu ruwan gishiri da ƙananan kifaye masu launi da murjani. Da safe za ta loda jarkoki da tiyo da bokiti a bayan tsohuwar motarta, ta bi wuraren da ta saba, ta kankare gansakuka daga gilashi, ta canza ruwa, ta wanke famfon da ke juya ruwan, ta yi wa mai wurin tatas in ta ga ya cika wa kifi abinci, ta wuce. Faɗan nan kyauta take yinsa, kuma ba ta rowarsa.

Gajera ce mai ƙarfin dantse, tafin hannunta ya yi kaushi saboda gishiri, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Mijinta mai gyaran firji ne, mutumin da in ya ce "to" sau biyu a jere an yi doguwar hira. 'Ya'yansu sun girma sun bar gida, kuma duk za su shaide ta cewa ba muguwa ba ce, zuciya ce da ita a kusa, bakinta kuma ba birki. Za ta wanke ka tas da safe, da rana ta aiko maka da abinci, ta manta ma me ya haɗa ku. Waɗanda aka wanke ɗin ne ba sa mantawa da wuri, wannan kuwa ba ta taɓa gane shi ba.

Abin da ya fi saurin tayar mata da jijiyar wuya shi ne baƙo ya tsaya gaban babban tankin da ke falonta ya ce furen robar nan ya yi kyau.

"Fure?" za ta ce. "Roba? Malam, murjani ne, ba kuma na sarƙar wuya ba, mai rai. Dabba ce. Tana ci, tana girma, in ka ɓata mata rai ta rufe, in ka ci gaba ta mutu. Matsa baya, kana shafa min maiƙo a gilashi."

Sunan murjanin Kaka. Tarihinsu ya soma tun Mai Kifi tana budurwa, tana shara a wani shagon kifin ado. Wata rana wani ɓalli da bai wuce farcen yatsa ba ya karye ya faɗo ƙasa, mai shagon ya ce ta haɗa da shara. Ta tsince shi, ta roƙi alfarmar kusurwa ɗaya a tanki, ya yi dariya ya bar mata. Mai shagon ya daɗe da rasuwa, shagon ya koma wurin sayar da taya, ɓallin nan kuwa shi ne ya zama Kaka, ta yi rassa ta cika tsakiyar tanki, koriya shar, kan kowane reshe da ɗan shuɗi. In tana cikin ƙoshin lafiya sai ka ga wasu gashi-gashi sun fito ko'ina a jikinta suna kaɗawa da ruwa, bakunanta ke nan. Duk tankin da Mai Kifi ke kula da shi akwai reshen da aka yanko daga jikin murjanin nan, abin da ya jawo mata suna Kaka ke nan. A kanta ta koyi sana'a, da ita ta yi suna, kuma Kaka ta girmi ɗan Mai Kifi na fari. Ba ta ɓoye wa kowa cewa in gobara ta tashi, bayan mutane, Kaka za ta fara ɗauka.

Doka ɗaya ce a gidan da ba ta da sassauci. A ɗakin baya akwai wani ƙaramin tanki da take kira ɗakin baƙi. Duk abin da ya shigo sabo, kifi ne ko dutse ko murjani, nan zai sauka ya yi makonni tana haska shi da tocila tana juya shi, kafin ya ga Kaka ko daga nesa. Dalilinta shi ne dutsen teku ba ya zuwa shi kaɗai. A ramukansa akwai 'yan rakiya da ido ba ya gani, wasu ba ruwansu da kowa, wasu kuwa in suka shiga tanki an shiga uku.

Mutum ɗaya ne a duniya ba ya ce mata Mai Kifi, shi ne yayanta. Auta yake ce mata, ko a gaban surukanta, ko a gaban manajan otal. Sa'ad da mahaifinsu ya rasu shi ya ajiye karatu ya bi manyan motoci a matsayin yaron mota, har ya zama direba, don ita ta samu ta zauna a aji. Bai taɓa shigowa gidanta hannu rabbana ba. Ko daga ina ya dawo sai ya dire wani abu a tsakar gida, buhun albasa ne, takalmin yara ne da ya yi musu kaɗan, agogon bango ne mai kukan tsuntsu, ya ce, "Auta, ga tsarabarki." Sai wata rana jak ya zame a gefen hanya, mota ta sauko masa a ƙugu. Ya tashi, amma da sanda, kamfanin da yake yi wa tuƙi ya yi masa godiya ya miƙa wa wani makullin. Matarsa ta riga shi barin duniya, ɗansa yana can nesa yana fama da kansa. Da labari ya iso wa Mai Kifi cewa Yaya yana kwance shi kaɗai a ɗakin haya, maƙwabta ke miƙa masa ruwa, sai ta tafi da kanta ta kwaso shi, tana tuƙi tana yi masa faɗan me ya sa bai gaya mata da wuri ba.

A ranar ta zubar da ruwan ƙaramin tankin, ta sa mijinta ya ɗora shi can saman kantar ajiye kaya a sito, ta share ɗakin baya ta sa gado. Mijin ya tambaye ta inda baƙin duwatsu za su riƙa sauka.

"Na daina karɓar baƙi," ta ce. "Ba zan kwantar da Yayana kusa da famfo mai gurnani ba."

Zaman ya soma lafiya. Da safe Yaya zai fito da kujerarsa bakin ƙofa ya sha iska, da rana ya dawo falo ya zuba wa kifaye ido. Amma mutumin da ya saba shigowa da kaya a kafaɗa, zama ya ci ya ƙoshi ya ce an gode yana cinsa a rai. Wata rana wani tsohon abokin aikinsa ya samu aikin kwashe kayan wani gidan abinci da aka rufe, ya biyo ya ɗauke shi don ya raka shi hira. A wurin akwai tsohon tanki da za a zubar. Yaya ya hango wani dutse a ciki, mai ramuka, jikinsa ya yi ruwan hoda gwanin kyau. Ya sa aka ɗebo masa shi a bokiti da ruwansa, ya hau matakalar gidan da bokitin a hannu ɗaya sanda a ɗaya, ya naɗe hannun riga ya jingina dutsen a gindin Kaka, ya zauna yana jiran ƙanwarsa.

Tun daga bakin ƙofa ta gani. Ta saki tiyon da ke hannunta.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Tsarabarki ce, Auta." Fuskarsa fal murna, rabon da ta ga haƙoransa haka tun kafin hatsarin.

"Yaya, ba a sa baƙon dutse a tankin nan."

"Baƙo? Abin da ya fito daga hannun yayanki ne baƙo?"

Matar da ta taɓa korar manaja daga gaban tankinsa na kansa, ranar nan ta haɗiye magana. Ta ce an gode, Allah ya ƙara arziki. Ta haska dutsen da tocila ta bayan gilashi, ba ta ga komai ba, ta ce a ranta gobe in ya fita shan iska za ta cire. Gobe ta yi, sai ta tarar ya jawo kujerarsa daidai saitin dutsen yana nuna wa maƙwabci. Ta ɗaga zuwa jibi. Haka makonni suka shuɗe. Duk surutun da ta yi a rayuwarta bai taɓa jawo mata asara irin wadda wannan shirun ɗaya ya jawo ba, kuma sanin hakan ne ya riƙa hura mata wuta daga baya.

Wata yamma tana zuba wa tanki abinci, irin garin nan mai laushi da murjani ke kamawa, sai ta ga wasu zarurruka masu yauƙi kamar saƙar gizo-gizo sun miƙo daga dutsen Yaya sun kwanta a kan rassan Kaka. Ta bi zare ɗaya da ido har tushensa. Wani ɗan bututu ne mai tauri, siriri kamar tsinken ashana, ya manne a jikin dutsen ya murɗe. Ta ga na biyu, ta ga na uku, ta daina ƙirgawa. Ta zura hannu ta juya dutsen, bakin bututu ɗaya ya yanke ta a yatsa, gishiri ya shiga ciwon. Ƙarƙashin dutsen kamar an yi shuka. Sun riga sun tsallaka sauran duwatsu, sun shiga cikin famfo, kuma ga su nan jere a gindin Kaka kanta.

Ta san su sarai. Wani irin dodon koɗi ne mai jikin tsutsa, wanda ba ya yawo da gidansa kamar 'yan'uwansa. Tun yana ƙarami yake samun wuri ya manne, ya gina bututu ya shige, shi ke nan ba zai sake motsawa ba har ya mutu. In ya ji ƙamshin abinci a ruwa sai ya jefa zaren yauƙi, abinci ya maƙale, ya jawo ya haɗiye. Ba ya cizon murjani, amma zaren nan yana gogar jikinta dare da rana har ta gaji ta rufe bakunanta, ta daina ci, namanta ya fara janyewa ya bar farin ƙashi. A cikin bututun kuma yake renon ƙwansa, 'ya'yan su rarrafo su samu nasu wurin. A gindin Kaka tuni fari ya fara bayyana.

Mijinta ya shigo ya same ta a durƙushe gaban gilashi tana tsotsar yatsa. Ya leƙa ya tambayi sunan abin.

"Sunansa na littafi ba ya faɗuwa," ta ce. "Cima-zaune ne. Ya zo manne da kayan mutane, ya samu wuri ya kafe, ba ya tashi, ba ya tsinana komai. Sai ya ji an zuba abinci ya miƙo zare."

A yi mata adalci, ranar nan da dodon koɗi take, babu kowa a ranta. Sai dai tsakanin falo da ɗakin baya labule ne kawai, kuma Yaya ƙugunsa ne ya lalace, kunnensa ƙalau.

Daga nan yaƙi ya tashi. Tana dawowa daga aiki za ta ɗauko ƙaramar filaya mai kaifi ta zura hannu har kafaɗa. Karya bakin bututun aikin banza ne, don abin yana jin motsi zai zame can ƙasa, kwana kaɗan ya sake gini. Sai ta bi shi har tushe ta murƙushe, ta ji ƙas, ta tsotse tarkacen da tiyo. Waɗanda suka shige tsakanin rassa inda filaya ba ta kaiwa, sai ta ɗiga musu gam a baki ta toshe su. Yatsunta suka cika da yanka da busasshen gam, har sitiyari ba ta iya riƙewa da daɗi. Ta daina yanka wa kowa reshe, don ba za ta kai annoba tankunan mutane da hannunta ba, likitan haƙorin da take kula masa da tanki ya yi ta tambaya tana yi masa hanya-hanya. Ta kashe waɗanda ido ke gani da yamma, da safe ta tarar da sababbin zarurruka suna lilo. Kaka kuwa ta ƙi buɗewa, farin yana hawa reshe bayan reshe.

Tana aikin tana magana, don ita ba ta iya fushi da baki a rufe ba.

"Ku fito mana, 'yan cin arziki! An ba ku masauki kun mai da shi gado. Wadda ta gina gidan tana ramewa, ku kuna ƙiba. Ko kunya babu, ko a ce an yi kuskure babu!"

Wannan ta ƙarshen ba ta dodon koɗi ba ce, don ba wanda ke jiran ban haƙuri daga dodon koɗi. Haushin Yaya take ji, haushi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon shayi. Tana jira ya buɗe baki ya ce, "Auta, na yi ɓarna." Shi kuwa mutumin da ya goya ta a bayansa bai san ta inda ake fara ba ƙanwa haƙuri ba. Iyakar abin da ya iya shi ne wata rana ya dogaro sandarsa ya tsaya a bayanta ya ce, "Kawo tocilar in riƙe miki."

"Bar shi, Yaya," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ai ka riga ka yi naka taimakon."

Ya koma ɗaki. Mijinta ya matso ya ce ƙasa-ƙasa ta rage murya, akwai kunne a bayan labule.

"A gidana? In rage murya a gidana? Da kifi nake magana, wanda ya ji zafi shi ya sani."

Da ta ga filaya da gam ba za su isa ba, sai ta koma ga dabarar da ta rage, wato yunwa. In aka daina zuba garin abincin nan a ruwa, zare zai fita ya dawo ba komai, a hankali su ragu. Ta sanar da hukuncin tana tsaye a tsakiyar falo, da muryar da ake ji har bakin titi.

"Daga yau an rage abinci a gidan nan. Na gano maganinsu. Cima-zaune ba ya jin magana, ba ya jin kunya, yunwa kaɗai ke tashinsa."

Washegari farantin Yaya ya dawo kicin da rabin abinci. Ya ce cikinsa ne ba daɗi. Bayan nan ya ce shayi kawai ya ishe shi da safe, sai kuma ya koma cewa ya ci wani abu a waje, alhali iyakarsa bakin ƙofa. Ta gani, ba makauniya ba ce, ta ga wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Amma fushi ya riga ya juya mata komai. Wato shi ya ɓata mata tanki, shi ne kuma zai yi mata yajin cin abinci? Wato ita za ta je ta lallashe shi? Ta riƙa dire farantin a gabansa da ƙarfi, ta dawo ta ɗauke da ƙarfi, ta juye ragowar a shara tana ƙwafa.

Ranar da farin ya kai rabin Kaka, ta san babu sauran wasa. Ta shimfiɗa leda a falo, ta ciro Kaka daga ruwa a karo na farko cikin shekaru masu yawa, ta sa ƙaramin zarto. Ta yanke duk reshen da ke da sauran rai, tana dubawa ɗaya-ɗaya tana kankare gindinsa, ta jera su a baho. Gindin da ta rena tun yana farcen yatsa, wanda yanzu bututu ya lulluɓe, ta ɗauka ta jefa a bokiti. Tana yi hawaye na zuba, tana share su da kafaɗa tana zagi. Ta kwashe duwatsun tankin kaf ta zube su a rana a tsakar gida don su bushe su mutu, suna ta ƙarni. Dutsen ruwan hodar nan kuwa ta ɗauke shi daban ta wurga a kwandon shara, taku kaɗan daga kujerar Yaya, yana zaune a kanta.

Saura inda za a ajiye rassan, don babban tankin sai an wanke shi an sake shi tukuna. Mijinta ya ce a sauko da ƙaramin tankin a girke shi a baranda.

"Baranda? Rana ta dafa min su? Da ɗakin baƙina yana hannuna ai da duk wannan bai faru ba!"

Rassan suka kwana a baho da ɗan famfo. Da safe ta fita aiki ba ta leƙa ɗakin baya ba.

Da ta dawo da la'asar gidan shiru, babu kujera a bakin ƙofa. Ta ɗaga labule. An share ɗakin tas, an naɗe katifa an jingine ta a bango, babu jaka, babu sanda. A kan tsohon teburin, daidai inda yake a da, ga ƙaramin tankin, an sauko da shi daga saman kantar sito, an wanke shi an goge har yana ƙyalli, an naɗe wayar famfonsa an ɗora a gefe. Yadda mai sanda ya hau ya sauko da shi, Allah kaɗai ya sani.

Ta yi kan mijinta kamar za ta cinye shi. Ina Yaya? Da saninsa aka yi? Ya tsaya yana kallo mutum mai ciwo ya fita daga gida?

"Abokinsa ya zo ya ɗauke shi," ya ce. "Ya samo masa gadin wurin ajiye motoci a bayan kasuwa, da ɗan ɗaki. Na roƙe shi, ya ƙi."

"Me aka yi masa? Wa ya kore shi?"

Mijin ya ajiye sukudireban da ke hannunsa. Tunda suka yi aure ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Tun yaushe kike zagin bawan Allahn nan ta bayan gilashi?"

"Da dodon koɗi nake!"

"Ranar farko kaɗai," ya ce, ya ɗauki sukudirebansa ya fita.

Ba ta bi Yaya a ranar ba, ba ta bi shi washegari ba. Ta ce tunda shi ya fita da ƙafarsa ya dawo da ƙafarsa, ita ba ta ce wa kowa ya tafi ba. Ta cika ƙaramin tankin, ta manna kowane reshe a kan sabon tsaftataccen dutse, ta jera su. Ɗakin ya yi musu daidai, ba rana, ba hayaniya, kuma wannan ma haushi ya ba ta. Bayan 'yan kwanaki ta shiga da safe ta tarar gashi-gashin nan sun fito a jikin kowane reshe suna kaɗawa, babu zare ko ɗaya. Kaka ta rayu. Ta juya da sauri don ta kira wani ya zo ya gani, sai idonta ya faɗa kan katifar da ke jingine a bango.

Ta shiga kicin ta dafa abin da ya fi so, ta cika kula, ta shiga mota.

Wurin ajiye motocin fili ne mai ƙura da katangar kwano. A ƙofar shiga da fita akwai dogon ƙarfe da ke tare hanya, an ɗaura masa igiya a kai. Yaya yana zaune a kan benci a ƙarƙashin wata 'yar rumfa, sandarsa a gefe. Mota ta zo, ya saki igiya ƙarfen ya ɗaga, mota ta wuce, ya jawo igiyar hannu bayan hannu har ƙarfen ya sauko. Ta tsaya daga nesa ta kalli hakan sau da yawa kafin ta shiga. Ya ɗaga mata ƙarfe kamar kowa. Ta juyo da motar ta tsayar da ita a bakin fita, ta sauko da kular a hannu, kuma duk maganar lallashin da ta shirya a hanya ta gudu.

"Yaya, wane irin tozarci ne wannan? Ka fita daga gidana ba sallama kamar wanda aka kora? Me kake so mutane su ce?"

"Na yi wa maigidanki sallama."

"Shi ne ƙanwarka? Wallahi da dodon koɗi nake! Ka ji na rantse!"

"Na sani," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ai kin yi bayaninsa har na haddace. Ya zo manne da kayan mutane, ya samu wuri ya kafe, in ya ji an zuba abinci ya miƙo zare. Na zauna na duba maganar ta kowane gefe, ban samu ƙarya a ciki ba."

"Kai da ka rene ni? Kai da ka bar makaranta saboda ni?"

"Wannan tsohon zance ne. Ya Kaka? Ta buɗe?"

Ta so ta yi ƙarya, ba ta iya ba. "Ta buɗe."

"Madalla. Ashe ɗakin take buƙata."

Ta dire kular a kan bencin. Ta ce ya ci, ya tattara kayansa, za ta mayar da tankin baranda, za ta mayar da shi sito, in ya so ma ta kyautar da Kakar gaba ɗaya. Ta yi ta ɗaga murya, har masu wankin mota suka juyo suna kallo.

Ya ɗauki kular ya miƙa mata da hannu biyu. "Na ci. Nan ma a zaune nake ci, sai dai nan yana wuce maƙogwaro."

Wata mota ta taho bayan tata tana son fita, direban ya danna hon. Ta tsaya ƙiƙam. Ya sake dannawa, ya leƙo yana magana. Yaya ya nuna mata motarta da haɓa, don aikinsa take tarewa. Ta shiga ta ajiye kular a kujerar gefe, da zafinta. Ya saki igiya, ƙarfen ya ɗaga, ya sunkuyo kaɗan saitin tagarta yadda yake yi wa kowane mai mota.

"Ki gaida gida, Mai Kifi."

Na baya ya kwanta a kan hon. Ta kama marfin ƙofa za ta fita ta nuna masa ko ita wace ce, sai ta saki. Ta sa giya ta wuce ta ƙarƙashin ƙarfen, ta madubi tana ganin Yaya yana jawo igiyarsa.